Injin kwale-kwale da hadari a kan kogi: abin da matuƙi da fasinja ya kamata su sani

Kogin Isa, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira Kwara, yana da tsawon kilomita wajen 4200. Ya taso daga duwatsun ƙasar Gine, ya ratsa Mali, ya shigo Nijar ta wajen Labezanga. Cikin ƙasarmu yana tafiyar kilomita kusan 550: ya bi ta Ayoru, Tilaberi, Yamai da Say, kana ya fita ta ƙasan Gaya. Ga mutanen da ke zaune a bakinsa, kogin hanya ne kamar kowace hanya. Ta kansa ake kai shinkafa, albasa, busasshen kifi, itace da dabbobi kasuwar Ayoru ranar Lahadi, ko ta Bubon ranar Laraba. Lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a shekarar 2023, matafiya da yawa sun koma ƙetarawa da kwale-kwale.

Akwai kuma waɗanda jirgin ya zama musu gida. Sarkawa, masunta masu jin Hausa waɗanda asalinsu daga ƙasar Kabi yake, sukan bar garinsu wata da watanni suna bin kifi, da mata da ƴaƴa da tukwane duk a cikin jirgi. Fataken ruwa ma sukan yi kwana da kwanaki ba su kwanta a tudu ba. Haka abin yake a tafkin Cadi, wajen Boso da Gigimi. A da, filafili da gora su ne ƙarfin jirgi. Yau galibin manyan jirage inji ne ke tura su, kuma injin ya sa ana ɗaukar kaya mafi nauyi, ana yin nisa da gaɓa. Saboda haka ranar da ya mutu a tsakiyar ruwa, wahalar ta fi ta da. In kuwa mutuwar injin ta gamu da iska mai ƙarfi, to rayuka ne ke cikin hatsari.

A watan Fabrairu na 2019, wani kwale-kwale ya taso daga gaɓar Benin ɗauke da mutum sama da 100 da kayansu, za su cin kasuwa a gaɓar Nijar. A yankin Sambera, cikin jihar Doso, iska ta same shi ya kife, mutum fiye da 40 suka halaka. A watan Mayu na 2021, kusa da garin Wara na jihar Kebbi a Najeriya, wani jirgin mai ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse, waɗanda suka mutu ko suka ɓace sun haura 100. A duka biyun an ambaci lodin da ya wuce ƙima.

Yadda injin yake aiki

Injin da aka fi gani a bayan kwale-kwale shi ne wanda ake rataya wa a katakon baya, mai ƙarfin doki 15, 25 ko 40, wani lokaci 75. Samfurin Yamaha Enduro ya yaɗu ƙwarai a Afirka ta Yamma, shi ya sa ba a cika shan wahalar samun kayan gyaransa ba. Ko wane samfuri ne, abu huɗu inji yake bukata: esansi mai tsabta, iska, tartsatsin wuta daga buji, da ruwan da zai sanyaya shi. Buji shi ne abin da a Najeriya ake kira fulogi. Esansi yana tasowa daga tanki ta cikin tiyo, ya shiga karbirato inda yake gaurayuwa da iska, buji ya kunna shi, ƙarfin fashewar ya tura fistan, fistan ya juya sandar da ta sauka cikin ƙafar injin, ita kuma ta juya farfela. In inji ya ƙi tashi ko ya mutu, sau da yawa ɗaya daga cikin abubuwan nan huɗu ne ya yanke. Wanda ya riƙe wannan a kansa ba zai kama kwance inji barkatai ba.

Gauraya mai da esansi

Galibin injunan nan masu bugu biyu ne, wato ba su da ma'ajiyar man inji ta dabam kamar mota. Cikin esansi ake zuba musu man, shi ne ke shafe ƙarafan ciki yayin da suke gogayya. In man ya yi kaɗan, fistan ya yi zafi ya kafe, gyaran kuwa kuɗi ne masu yawa. In ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, buji ya yi baƙi ya daina ba da wuta.

Awon da aka fi amfani da shi shi ne kashi 1 na mai cikin kashi 50 na esansi. Ga lissafin: lita 5 na esansi, mililita 100 na mai, lita 10, mililita 200, bidon lita 20, mililita 400, tankin lita 25, rabin lita cif. Sabon inji, ko wanda aka sake wa fistan, ana ninka masa man cikin awa 10 na farko, wato kashi 1 cikin 25, kuma ba a buɗe masa wuta duka. Duk da haka, abin da littafin injin ya faɗa shi ne gaba da komi. Wanda bai iya karanta shi ba ya nemi a karanta masa. Kada a auna da ido. A sami kwalba ɗaya, a auna ta sau ɗaya da ma'auni na gaskiya, a yi mata zane, ta zauna cikin jirgi don wannan aiki kaɗai. Man da ya dace shi ne na injin ruwa mai bugu biyu, wanda akan rubuta TC-W3 a jikin gwangwaninsa. Tsohon man da aka juye daga mota, wanda wasu ke saye don araha, cike yake da garin ƙarfe da dauɗa. Arahar nan ita ce ke kai inji wurin makanike.

Injuna masu bugu huɗu su ma sun shigo. Su ba a gauraya musu komi, man nasu yana da wurinsa, ana duba shi da sandar awo kamar na mota.

Esansin da ake saidawa cikin kwalabe a bakin hanya ko a tashar jirgi yakan zo da ruwa ko ƙasa. Gane shi ba wuya. A zuba kaɗan cikin farar kwalba, a ajiye ta minti biyu ko uku. Ruwa ya fi esansi nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa, a ga iyakarsa sarai. A riƙa tace esansi da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Kuma a san abin da injin yake sha: mai doki 40, in an buɗe masa wuta duka, yana iya shan kusan lita 20 cikin awa guda, amma in an rage wutar kaɗan shan yana raguwa sosai, gudun kuwa bai ragu da yawa ba. Matuƙa masu hankali sukan raba esansinsu kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. A tuna hawan ruwa ya fi gangara cin mai.

In inji ya ƙi tashi

A fara da abin da ya fi sauƙi, domin galibi can matsalar take. Akwai esansi cikin tanki? An kwance ƴar ƙusar da ke kan murfin tankin, wadda iska ke shiga ta wurinta? In tana ɗaure, inji zai tashi ya yi ƴan mintoci ya mutu, don esansi ba ya fita daga tankin da iska ba ta shiga. Wannan ƙaramin abu ya sha sa a kwance karbirato a banza. Sai a duba tiyo: bai lanƙwashe ba, buhu bai danne shi ba, bakinsa ya shiga daidai? A matsa ƙwallon robar da ke tsakiyar tiyon har ya yi tauri. Akwai alamar kibiya a jikinsa, wajibi ne ta fuskanci inji. In an yi ta matsawa bai yi tauri ba, to iska na shiga ta wata ɓula, ko tankin ya ƙare. A duba sandar giya tana kan alamar N, inda farfela ba ta juyawa, kuma ƴar maƙalar jar igiyar kashe inji tana wurinta, domin in ta fita ba wutar da za ta zo.

Bayan wannan sai buji. A kwance shi, a dubi bakinsa, zai ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. In launinsa ƙasa-ƙasa ne kuma a bushe, lafiya lau. In baƙi ne jiƙe da mai, to mai ya yi yawa, ko an bar cok a jaye, wato maɓallin da ke rage iska lokacin tada inji da sanyi. In fari ne fat kamar toka, inji na yin zafi fiye da kima, ko esansi ba ya isa. In akwai ɗigon ruwa a kansa, ruwa na shiga inda bai kamata ba, wannan kuwa aikin makanike ne. A goge bujin, a busar da shi. Tazarar bakinsa tana tsakanin milimita 0,6 da milimita 1, gwargwadon irin bujin. Don a gwada wuta, a maida masa hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin da ya fito, a ja igiya: tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake so a gani. Kada a yi wannan gwaji inda esansi ya zube, kuma kada a riƙe bujin da hannu tsirara.

Wani lokaci yawan ja da cok a jaye yakan sa esansi ya cika injin, har a ji warinsa. Sai a maida cok, a cire tiyo, a cire buji, a ja igiya sau da yawa don ya fita, sannan a maida komi a sake gwadawa. In kuwa inji yana tashi yana tari yana mutuwa, a zargi ruwa ko dauɗa. A buɗe ƴar matatar esansi a wanke, a kwance ƙusar da ke ƙarƙashin karbirato, abin da ya taru ya zube cikin gwangwani. Ƙananan ramukan cikin karbirato da iska ake hure su. Tsokana su da waya yana faɗaɗa su, inji ya koma shan mai har abada.

Igiyar tadawa takan tsinke, kuma ba ta zaɓen rana. A cire murfin inji da abin da igiyar ke naɗewa ciki, za a ga babban faifan ƙarfe mai ɗan tsagi a gefensa. A ƙulla bakin wata igiya, a saƙala a tsagin, a naɗa ta sau biyu yadda hannun agogo ke juyawa, a ja da ƙarfi. Kada a naɗa igiyar a hannu, kuma a janye riga da rawani daga faifan in ya fara juyawa.

Ruwan sanyaya inji

Wannan shi ne abin da matuƙa suka fi sakaci da shi, shi ne kuma ya fi saurin kashe inji. A jikin ƙafar injin, ƙarƙashin ruwa, akwai ƴan ramuka da ruwa ke shiga. Wata ƴar fankar roba da ke cikin ƙafar ita ce ke tura shi sama, ya zagaya injin, ya fito. Wani kaɗan daga cikinsa yana tsartuwa ta baya kamar fitsari, don matuƙi ya gani da idonsa. Da zarar an tada inji, abin da za a fara kallo ke nan, kuma a riƙa waiwayensa cikin tafiya. In tsartuwar ta tsaya, a kashe inji nan take. A ɗaga ƙafar a duba: leda, burgu, kainuwa ko wani ciyayin ruwa ya toshe ramukan? A cire. A zura siririn zaren kamun kifi mai tauri cikin ramin tsartuwar, domin laka ko gidan zanzaro kan toshe shi. In an sake tadawa ruwa bai fito ba, to fankar robar ta lalace, kada a ci gaba da tafiya da shi, a koma ga filafili.

Abu biyu ke cinye fankar nan. Na farko tada inji a tudu ba ruwa, wai don a ji ƙararsa: ƙasa da minti guda ya isa robar ta ƙone. Na biyu yashi. Daga watan Afrilu zuwa Yuni kogin yana janyewa ƙwarai, har a shekarar 1985 ya daina gudu a Yamai. A irin wannan lokaci ƙafar inji tana sharar ƙasa, tana zuƙar yashi, yashin yana goge robar kamar magagari. In an zo wuri marar zurfi, a ɗaga inji a tura da gora. Ya kamata a sake fankar sau ɗaya a shekara ko ba ta nuna alamar komi ba.

Farfela da man ƙafa

In inji yana ihu amma jirgi ba ya gaba, matsalar tana wajen farfela. Ƙananan injuna suna da wata ƴar ƙusa da aka yi ta musamman don ta karye in farfela ta bugi dutse ko kututture, ta ceci haƙoran giya. A sa irinta. Wanda ya maye gurbinta da ƙusar kafinta mai tauri, ranar da ya sake bugun dutse giyar ce za ta karye. Manyan injuna kuwa roba ce a tsakiyar farfelar, in ta saki sai an sake farfela. Kafin nan tana iya kai jirgi gaɓa in an bi ta a hankali.

Zaren taru da na ƙugiya sukan naɗe a bayan farfela, su yanke robar da ke hana ruwa shiga ƙafa. Saboda haka a riƙa cire farfela lokaci-lokaci ana dubawa, a shafa giris a maida. Man ƙafa, mai lamba 90, ana sake shi bayan awa 100 na aiki ko wata 6. In ya fito fari-fari kamar nono, ruwa ya shiga, sai a kai gyara. Ta ramin ƙasa ake ɗura sabo har ya ɓullo ta na sama, a toshe na sama, kana na ƙasa.

In inji ya faɗa ruwa, abin da ake gudu shi ne tsatsa, ita kuwa da an fito da shi take fara aiki. A wanke laka, a cire buji, a juye ruwan karbirato, a kwantar da injin ramukan buji na kallon ƙasa, a ja igiya a hankali har ruwa ya ƙare. A zuba man inji kaɗan cikin ramukan, a sake ja. In an ji yana tauri ko ƙarar yashi, a dakata, a kai wa makanike a ranar. In yana juyawa sumul, a sa sabon esansi a tada shi cikin ruwa, ya yi aiki kamar rabin awa don zafi ya busar da cikinsa. Tun farko dai, igiya mai ƙarfi da ta ɗaure inji da jikin jirgi tana hana duk wannan.

Kayan da bai kamata jirgi ya tashi ba su ba: buji biyu sababbi da kilensu, turnabis, awartaki, ƙusoshin farfela, igiyar tadawa, guntun tiyo, tocila, filafili aƙalla biyu, gora, doguwar igiya da anka ko dutse mai nauyi, da bokiti biyu na kwarfar ruwa. A sa ƙananan cikin gwangwani mai murfi, a ɗaure shi.

Iskoki biyu

Daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Yana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, iskar da ke gabansa kuwa takan kai kilomita 70, wani lokaci har 100. Alamunsa sanannu ne: zafi mai nauyi, iska ta ɗauke cak, gabas ta yi baƙi, walƙiya, sannan jar ƙura ta taso kamar bango, musamman a farkon damana da ƙasa ke bushe. Abin da mutane ba su cika lissafawa ba shi ne saurinsa. Bangon ƙurar da aka hango a nisan kilomita 10, cikin minti 10 ko 12 ya iso. Ba kwale-kwalen da zai tsere masa. Ana iya auna nisan da kunne: ƙara tana tafiyar kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, don haka in an ga walƙiya aka ƙirga 30 kafin a ji tsawa, hadarin yana kilomita 10. A yankin Yamai sau da yawa cikin dare ko da asuba yake isowa, lokacin da masu kwana cikin jirgi ke barci.

Ta biyu ita ce iskar hunturu, mai busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har Maris. Ba ta zuwa da ruwa, shi ya sa ake raina ta, alhali cikin watanninta ne hatsarin Sambera ya auku. Takan yi ƙarfi da hantsi, ta lafa da yamma, kuma hazonta yana ɓoye gaɓa da duwatsu. Lokacinta ya dace da cikar kogi ta biyu. Kogin yana cika sau biyu a yankin Yamai: jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Goruwol, Dargol da Sirba ke kawowa, shi ne ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai a Satumban 2020, sai baƙin ruwa mai zuwa daga Gine da Mali, wanda ke cika tsakanin Disamba da Fabrairu. Kogi mai faɗi yana ba iska filin tada igiyar ruwa. Inda kuma iska ta tari ruwa gaba da gaba, igiyoyin sukan yi tsayi, su matsu kusa da juna. Tafkin Cadi ma, da yake ba shi da zurfi, nan da nan iska ke hargitsa shi.

Kafin a tashi, a saurari hasashen yanayi da ma'aikatar meteyo ta ƙasa ke bayarwa a rediyo, a kuma tambayi dattawan tasha. Fasinja yana da haƙƙin ya ƙi shiga jirgin da bakinsa ya kusa shafar ruwa. Kuɗin mutum goma da aka ƙara ba su kai ran mutum ɗaya ba, kuma sarkin jirgin da ke hana tashi in lodi ya wuce ƙima aikinsa yake yi, bai kamata a yi masa gunaguni ba.

In iska ta riski jirgi

Da an ga alama a nufi gaɓa, kada a jira ɗigon farko. In da hali a zaɓi gaɓar da iska ke fitowa daga wajenta, domin tudu da itatuwa suna tare ta, ruwan wurin ya fi kwanciya. A mafi yawan wurare wannan ita ce gaɓar Hausa, ta hagu ga mai gangara, ba ta Gurma ba. Amma kogin yana da lanƙwasa, don haka iskar za a duba. Kada a ɗaure jirgi ƙarƙashin doguwar itaciya saboda aradu da karyewar reshe, ko gindin gaɓar da ruwa ya ci ƙarƙashinta.

In ba a kai gaɓa ba, a sauke rumfa ko tampol tun iska ba ta iso ba, domin tana kama shi ta kifar da jirgi. Kowa ya zauna a ƙasan jirgi, a tsakiya, kada wanda ya miƙe, kada a ruga gefe ɗaya. Matuƙi ya rage wuta amma kada ya kashe inji, ya tari igiyar ruwa da goshin jirgi, a ɗan karkace. Abin da ake tsoro shi ne igiya ta bugi jirgi a haƙarƙari. In inji ya mutu a wannan hali, a jefa anka daga goshi, ba daga baya ba, da igiyar da ta ninka zurfin ruwan sau 5 ko fiye. In wurin ya yi zurfi, bokiti mai ƙarfi da aka ɗaure da igiya aka jefa daga goshi yana taimakawa jirgin ya fuskanci iska.

Mutum biyu su kama kwarfar ruwa tun daga farko. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. A ce cikin jirgi yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 1 da rabi. Ruwan da ya kai santimita 10 kacal a ciki, kilo 1500 ne, nauyin buhu 15 na kilo 100. Buhu yana zaune inda aka ajiye shi, ruwa kuwa duk gefen da jirgi ya karkata can yake kwarara, ya ƙara karkatar da shi. In abin ya tsananta, a zubar da kaya.

Zama cikin jirgi

Tururin esansi ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi inda ba a ganinsa. Saboda haka murhu a goshi, bidunan esansi a baya, a rufe, a inuwa. Ba a ɗura mai ana shan taba ko ana dafa shayi. Gawayi mai ci da hayaƙin inji suna fidda wata iska mai guba wadda ba ta da wari. Cikin ɗari, in an rufe rumfa ruf an kwana da garwashi, mutum yana iya wucewa cikin barci. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko. A fita sarari nan da nan. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, a kwana cikin gidan sauro, wanda kuma ya ga jini cikin fitsarinsa ya je likita, domin tsargiya tana da magani. Tafiyar dare a bar ta sai dole: kututture, dutse da dorina, wadda ke da yawa wajen Ayoru, ba a ganinsu. In damana ce, a ɗaure jirgi da igiya biyu kafin a kwanta, yara kuma su kwana a tudu in akwai wuri.

In jirgi ya kife

Rigar ceto ita ce ta fi komi, kuma a jiki take amfani, ba ƙarƙashin buhu ba. A fara sa wa yara da waɗanda ba su iya iyo ba. Inda babu ita, bidon lita 20 da ba komi cikinsa, an ɗaure murfinsa tam, yana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa in ya rungume shi a ƙirji. A ɗaura wa kowane bido ƴar igiyar kamawa, a ajiye su a sama inda hannu zai kai. Jirgin katako sau da yawa ba ya nutsewa gaba ɗaya in kaya sun zube, don haka a riƙe shi. Gaɓa takan yi kamar kusa alhali da nisa. Mai ceto ya miƙa gora ko ya jefa igiya ko bido, kada ya bari wanda ke nutsewa ya rungume shi.

Wanda aka fitar ba ya numfashi, kada a ɗaga ƙafafunsa sama ko a danna cikinsa wai don ruwa ya fito, ɓata lokaci ne. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau 5. Sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, wani kuma ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko ya nemi abin hawa. In numfashi ya dawo, a juya shi a kan haƙarƙarinsa, a cire masa jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. Ko ya tashi ya ce ya warke, a kai shi likita a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tada ciwo bayan awoyi.